Tambayoyi da amsoshi kan gurɓatattun fakej a npm, PyPI da sauran rumbunan kod

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗannan tambayoyin su ne suke ta dawowa daga bakin matasanmu masu koyon rubuta kod a Garwa da Marwa da Ngaundere, har da na Kuseri da 'yan'uwanmu na Injamena da ke tsallaken gadar Ngeli. Wasu ɗalibai ne a jami'a, wasu suna sitaj, wasu kuma sun fara karɓar aikin gina shafi ko manhaja wa 'yan kasuwa. Na tara su wuri guda daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kowace amsa tana iya tsayawa ita kaɗai amma gara a bi su a jere.

Wai menene fakej, kuma menene wannan rumbun da ake cewa npm ko PyPI?

Fakej kod ne da wani ya riga ya rubuta ya ɗaure shi wuri guda don kada kowa ya sake wahalar rubuta shi, misali na lissafin kwanan wata, na tura saƙo zuwa saba, na sa launi a taminal. Rumbu kuma shi ne wurin da ake ajiye su kowa ya je ya ɗauka kyauta. Na JavaScript shi ne npm, wanda GitHub ta saya a 2020, ita kuma GitHub tana hannun Microsoft tun 2018. Na Python shi ne PyPI, gidauniyar Python Software Foundation ke riƙe da shi. Masu Laravel da PHP suna ɗauka daga Packagist ta hanyar Composer, masu Flutter daga pub.dev, masu Java daga Maven Central.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, a npm da PyPI kowa na iya buɗe akawun ya loda fakej cikin 'yan mintuna, kuma babu wani ma'aikaci da ke zaune yana karanta kod ɗin kafin ya fito. Fakej a npm sun haura miliyan 2, a PyPI sun haura dubu 500, wa zai karanta duk wannan? Akwai na'urorin bincike, akwai kamfanonin tsaro masu sa ido, amma galibi sai abu ya fito an fara saukewa sannan ake kama shi.

Toh in kod ɗin a buɗe yake kowa na gani, ta yaya za a ɓoye mugun abu a ciki?

Kowa na iya gani, amma wa ke dubawa? Kai da kanka ka tuna sau nawa ka buɗe babban fayil ɗin node_modules, inda npm ke zuba fakej ɗin da ka sauke, ka karanta. Ka sa fakej guda ɗaya, shi kuma ya jawo goma, su kuma su jawo ɗari, kafin ka ankara aikinka na React yana ɗauke da ɗaruruwan fakej na mutanen da ko sunansu ba ka taɓa ji ba. A Maris 2016 wani ya cire fakej ɗinsa mai suna left-pad daga npm, layi 11 ne kacal na kod, amma manyan ayyuka irin su Babel suka kasa ginuwa a duniya saboda can ƙasa suna dogara da shi. Shi ba mugunta ya sa a ciki ba, rigima ce ta sa ya janye, amma ranar ce mutane da yawa suka gane irin dogayen igiyoyin da suke rataye a kai.

Na biyu, abin da ke GitHub ba dole ne ya zama shi ne abin da ke cikin rumbu ba. Mutum na iya barin kod mai tsabta a GitHub ya loda wani daban a npm. Sannan suna murɗe kod ɗin ya zama dogon layi na haruffa da lambobi marasa ma'ana a ido, ko su bar fakej ɗin da ɗan layi biyu kawai wanda aikinsa shi ne ya sauko da ainihin ɓarnar daga wata saba bayan ka gama sakawa.

Malam ni ban ma yi amfani da fakej ɗin ba, sakawa kawai na yi sai na cire. Akwai matsala?

Akwai, kuma wannan ce tambayar da na fi so kowa ya fahimta. A npm, cikin package.json akwai wuraren da ake kira preinstall da postinstall, duk umarnin da mai fakej ya rubuta a wurin zai gudana a kwamfutarka a lokacin da kake npm install, tun kafin ka rubuta ko da layi ɗaya na kiran fakej ɗin. A Python ma haka, in fakej ɗin ya zo ne a matsayin ɗanyen kod, pip zai gudanar da setup.py don ya gina shi, kuma setup.py ɗin shiri ne na Python cikakke da zai iya yin komai.

Komai ɗin nan ina nufin duk abin da kai za ka iya yi da akawun ɗinka a kwamfutar, shi ma zai iya: karanta fayilolinka, kwafe su, tura su waje. In kuma ka saba sa sudo, mai ba umarni cikakken iko a kan kwamfutar, a gaban kowane umarni don kawai kuskure ya daina fitowa, toh ka miƙa masa kwamfutar gaba ɗaya. Cirewa daga baya ba ta dawo da abin da ya riga ya fita, duba amsar da ke kan abin yi in ka gano ka saka gurɓataccen fakej can ƙasa.

Ni ɗalibi ne a Marwa, ba ni da bitcoin ba ni da kamfani, me ɓarawo zai samu a wajena?

Ƙanena, ba wanda ya zauna ya ce bari in nemi wane a Marwa. Tarko ne ake ɗanawa a bar shi, duk wanda ya taka ya kama, ko yana Amurka ko yana Domayo, shirin bai san bambanci ba. Abin da yake nema iri ɗaya ne a ko'ina: fayil ɗin .env da ake ajiye sirrin aiki a ciki, makullan SSH na shiga saba daga nesa da ke cikin .ssh, token na GitHub da na npm (wato makullin shiga akawun ba da kalmar sirri ba), makullan AWS na sabobin Amazon, kalmomin sirrin da burauza ta adana, da kukis ɗin da suke sa ka shiga Gmail ko Facebook ba tare da an sake tambayarka kalmar sirri ba.

Yanzu ka tsaya ka yi tunanin abin da ke cikin .env ɗin yaron da ke gina wa wani alhaji shafin sayar da kaya. Akwai kalmar sirrin rumbun bayanai mai ɗauke da sunaye da lambobin wayar masu sayayya, akwai makullin karɓar kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo, na Chadi kuma Airtel Money ko Moov Money, akwai na tura SMS, akwai na shiga sabar da shafin ke zaune. Kai ba ka da kuɗi, gaskiya ne, amma amanar mai kuɗi tana cikin kwamfutarka, kuma ranar da abu ya ɓaci alhaji ba zai je neman wani baƙo a intanet ba, kai ya sani, gidanku ya sani. A garuruwanmu aikin kod da suna ake samunsa, wane ya gaya wa wane, toh in sunanka ya ɓaci sau ɗaya wallahi gyaransa ya fi gyaran saba wuya nesa ba kusa ba.

Ko da ba ka da aikin kowa, kwamfutar kanta abin amfani ce a wajensu, suna sa mata shirin haƙar kuɗin kirifto ta riƙa zafi tana cinye batir da data, ga wutar da ba kullum ake samu ba.

Wace hanya ce suka fi kama mutane da ita?

Kwaikwayon suna. Su ɗauki sanannen fakej su canza harafi ɗaya ko su cire ɗan layin tsakiya su jira wanda yatsansa zai zame. A 2017 an kama crossenv a npm, yana kwaikwayon cross-env, yana kwashe bayanan sirrin da ke cikin muhallin kwamfuta ya tura waje. A 2018 an samu colourama a PyPI mai kwaikwayon colorama, shi aikinsa in ka kwafi adireshin bitcoin sai ya musanya shi da na ɓarawon kafin ka liƙa. A Disamba 2019 aka kama jeIlyfish, wanda harafin farko na l ɗin a gaskiya babban I ne, a allo ba ka iya bambancewa da jellyfish na gaskiya, yana satar makullan SSH da GPG. A Maris 2024 abin ya yi yawa har PyPI suka dakatar da buɗe sababbin akawun da loda sababbin ayyuka na ɗan lokaci.

Mu nan haɗarin ya ɗan fi, saboda da yawanmu a bidiyon YouTube muke koyo a ƙaramin allon waya, wani lokaci hoton ma ya dushe saboda reso, sai mutum ya kwafi sunan da ido yadda ya ga kamar haka yake. Ga kuma allon rubutu na AZERTY da muka saba da shi, in ka zauna a kwamfutar wani mai QWERTY a da q suna musanya maka wuri. Ka riƙa kwafo sunan daga shafin takardun aikin na asali, kada ka rubuta da ka.

Ni manyan fakej sanannu kawai nake sakawa, ai na tsira ko?

Ka rage haɗari, ba ka tsira ba, domin fakej sananne ma mutum ne ke riƙe da makullinsa kuma ana iya sace makullin. A Oktoba 2021 aka ƙwace akawun ɗin mai ua-parser-js, fakej da ake saukewa sau miliyoyi a mako, aka fitar da sigogi uku masu ɗauke da shirin haƙar kirifto da na satar kalmar sirri. A Mayu 2022 fakej ɗin ctx na PyPI ya faɗa hannun wani ta hanya mai sauƙin gaske, adireshin intanet ɗin da imel ɗin mai shi ke kai ya ƙare bai sabunta ba, sai wancan ya saye shi ya nemi a canza masa kalmar sirri.

Ɗaya daga cikin mafi girma a irin wannan shi ne na 8 ga Satumba 2025. An aika wa mai kula da chalk da debug imel na bogi daga npmjs.help, ana ce masa ya sabunta tsaron akawun ɗinsa, ya shiga ya ba da bayanai, nan take aka fitar da gurɓatattun sigogi na fakej 18 waɗanda a haɗe ake sauke su sama da sau biliyan 2 a mako. Kod ɗin da aka cusa yana musanya adireshin kirifto a burauza. Cikin 'yan sa'o'i aka gano aka cire, kuma abin da ɓarayin suka samu kaɗan ne, amma mutumin da aka yaudara gogagge ne da ya shekara da shekaru a harkar, shi ya sa ba na yarda in ji wani yana cewa ai sai wawa ake kamawa.

Akwai kuma wanda mai fakej ɗin ne da kansa ya juya. A Janairu 2022 mai colors da faker ya lalata su da gangan, a Maris 2022 kuma mai node-ipc ya sa kod da ke goge fayilolin kwamfutocin da ke Rasha da Belarus saboda yaƙin Yukiren. Ko me mutum yake gani game da dalilinsu, wanda ya saka fakej ɗin ba a shawarce shi ba.

Ana yawan ambaton event-stream da xz, me ya faru a cikinsu?

Su biyun ba sata aka yi ba, amana aka nema aka samu. A 2018 mai event-stream ya daina amfani da fakej ɗin nasa, wani baƙo ya zo ya ce zai taimaka da kulawa, ya miƙa masa. Baƙon ya ƙara wani ƙaramin fakej mai suna flatmap-stream a ciki, da ɓoyayyen kod wanda ba ya motsi sai ya tsinci kansa cikin manhajar ajiyar bitcoin ta Copay, a nan ne zai nemi asusun masu kuɗi da yawa ya kwashe makullansu. An yi makonni ana saukewa kafin a gano a Nuwamba.

Na xz ya fi ban tsoro. xz ƙaramin shiri ne na matse fayil da ke kusan kowace kwamfutar Linux, mutum ɗaya ne Lasse Collin yake ɗauke da shi shekaru ba albashi. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe sama da shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu kyau, wasu akawun kuma suna ta matsa wa Collin lamba cewa ya yi jinkiri ya ba wani dama, har aka ba Jia Tan ikon fitar da siga. A sigogi 5.6.0 da 5.6.1 ya ɓoye ƙofar baya cikin fayilolin gwaji, wadda za ta ba shi damar shiga saba ta SSH. Wani injiniyan Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, Andres Freund, shi ya lura shiga SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya sanar a 29 ga Maris 2024, lokacin abin ya shiga sigogin gwaji na Debian da Fedora amma bai kai ga waɗanda yawancin sabobi ke amfani da su ba. Rabin daƙiƙa fa, da bai damu ba da yanzu wani labarin ake.

Menene Shai-Hulud da aka yi ta magana a ƙarshen 2025?

Tsutsa ce mai yaɗa kanta a npm, ta bayyana a Satumba 2025. In ka saka fakej mai ɗauke da ita sai ta bincike kwamfutarka da wani kayan aikin neman sirri mai suna TruffleHog, ta kwashe token ɗin da ta samu ta zuba su a fili cikin sabon wurin ajiya a GitHub ɗinka, in kuma ta samu token ɗin npm sai ta cusa kanta cikin fakej ɗin da kai kake kula da su ta fitar da sababbin sigogi da sunanka. Haka ta bi ɗaruruwan fakej ba tare da ɓarawon ya sake taɓa komai ba. A Nuwamba ta sake dawowa da ƙarfi, wannan karon ta hanyar preinstall, dubban wuraren ajiya a GitHub suka cika da sirrin mutane. In kana da fakej naka a npm, amsar ƙarshe ta shafe ka kai tsaye.

Ofishinmu yana da fakej na cikin gida da ba mu loda a waje ba, su ma akwai haɗari?

Akwai wata dabara da Alex Birsan ya nuna a Fabrairu 2021. Ya samo sunayen fakej na cikin gida na manyan kamfanoni, ya loda fakej masu suna iri ɗaya a rumbun jama'a da lambar siga mai girma, sai na'urorin kamfanonin suka zaɓi nasa saboda ya fi sabunta. Ya shiga kamfanoni sama da 35 har da Apple da Microsoft da PayPal, da izini yake binciken kuma an biya shi lada. Amma a Disamba 2022 wani ya yi wa PyTorch haka da gaske da fakej mai suna torchtriton. Maganin shi ne a npm ku sa sunan ƙungiya a gaba, irin @sunanku/fakej, ku kuma yi rajistar sunan, a pip kuma ku yi hattara da --extra-index-url domin yana haɗa rumbunku da na jama'a ya ɗauki wanda sigarsa ta fi girma.

ChatGPT ne ya ba ni sunan fakej ɗin, ai shi ba zai ba ni na bogi ba?

Zai iya, ba da mugun nufi ba, ƙirƙiro suna yake yi wanda ya yi kama da gaskiya alhali babu shi. Masu ɓarna sun gane haka, suna tara irin sunayen da waɗannan manhajoji ke yawan ƙirƙirowa su yi musu rajista su jira. Wani mai bincike, Bar Lanyado, ya gwada da huggingface-cli, ya loda fakej fanko da wannan sunan a PyPI, cikin wata uku aka sauke shi sama da sau dubu 30. Duk sunan da manhaja ta ba ka, bi shi da binciken da na lissafa a amsar abin dubawa kafin sakawa, musamman in kana barin ta tana gudanar da umarni a taminal da kanta.

Wani ya tuntuɓe ni a LinkedIn da aikin dala, ya ce in sauke wani aiki in gudanar a matsayin gwaji. In yi?

Dan Allah tsaya tukuna. Wannan tarko ne sananne, masu bincike na Unit 42 na kamfanin Palo Alto suka bayyana shi a Nuwamba 2023 suka sa masa suna Contagious Interview, kuma an danganta shi da Koriya ta Arewa. Suna zuwa a matsayin masu ɗaukar ma'aikata, da hoto mai kyau da sunan kamfani, su yi hira da kai cikin mutunci, sannan su ba ka aiki a GitHub ko Bitbucket su ce ka yi npm install ka tayar da shi ka gyara wani ɗan kuskure. A ciki akwai shiri mai suna BeaverTail da ke kwashe kalmomin sirrin burauza da asusun kirifto, ya kuma jawo wani da zai ba su damar shiga kwamfutarka duk lokacin da suka so.

Na san yadda abin yake, saurayi ya gama karatu a Ngaundere ya shekara yana neman aiki, sai ga wanda zai biya shi a wata abin da ba ya samu a shekara da sefa, zuciya ba ta son jin a tsaya. Ba na cewa kowane tayi ƙarya ne, ana samun na gaskiya. Amma kod ɗin baƙo ba a gudanar da shi a kwamfutar da kake aikin mutane da ita, ka buɗe shi cikin kwamfutar gwaji ta VirtualBox wadda babu komai naka a ciki. In ya ce sai dai a ainihin kwamfutarka, ko ya fara hanzarta ka, ka samu amsarka.

Saboda tsadar data muna kwafar node_modules a kile (USB) daga wajen juna, da jigon WordPress da aka fasa. Laifi ne?

Na fahimci dalilin, aiki ɗaya na iya cin ɗaruruwan mega kuma reso na iya yankewa a tsakiya a sake daga farko. Amma node_modules na kile kamar zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin bakin titi, mota za ta tashi, sai dai ba ka san hannu nawa ya bi ba ko me aka gauraya. Lokacin da npm ke saukewa daga rumbu yana gwada kowane fakej da hatimin da ke cikin package-lock.json, fayil ɗin da ke kulle sigar kowane fakej, kwafi daga kile kuwa ba a gwada komai. In data ce damuwar, pnpm yana ajiye kowane fakej sau ɗaya a kwamfuta duk ayyukanka su yi tarayya a kai, in kuma kuna da yawa a ɗaki ɗaya ku kafa Verdaccio a kwamfuta guda ta riƙa adana abin da aka sauke wa kowa.

Jigo da fulogin na WordPress da aka fasa kuwa, waɗanda ake rabawa a Telegram, ban da wani sassauci a kansu. Wanda ya cire musu lasisi ya raba kyauta ba sadaka yake ba, sau da yawa akwai ƙofar baya a ciki, kuma shafin abokin cinikinka ne zai koma tallan caca ko tura mutane wani wuri. Ka sa kuɗin lasisin cikin farashin aikin, ko ka yi amfani da na kyauta daga rumbun WordPress na asali.

npm audit ya ce babu matsala, shikenan ko?

A'a. npm audit da pip-audit suna gwada abin da ka saka ne da jerin matsalolin da aka riga aka sani aka rubuta. Suna da amfani sosai wajen kama rauni, wato kuskuren da aka yi ba da niyya ba irin na Log4j a Disamba 2021, kuma suna nuna gurɓataccen fakej bayan an kai rahotonsa. Amma wanda aka loda da safiyar yau ba ya cikin jerin kowa. Antibayiros ma haka, yana kama wasu, amma ɗan rubutun JavaScript da ke karanta fayil ya tura ta intanet a wajensa bai bambanta da aikinka na kullum ba.

Toh me zan duba kafin in saka fakej, kuma wane saiti zan yi?

Fara da tambayar kanka ko kana bukatarsa ma, abin da layi goma zai yi ba sai an jawo baƙo ba. In kana bukata, buɗe shafinsa a npm ko PyPI ka ga yaushe aka fara loda shi, sigogi nawa, wa ke kula da shi, mutum nawa ke saukewa. Fakej mai kwana uku da sunansa ya yi kama da wani sananne, ka bar shi. Kada taurarin GitHub su ruɗe ka domin mutum na iya liƙa adireshin aikin wani a nasa fakej ɗin. Umarnin npm view tare da sunan fakej da scripts zai nuna maka ko yana da postinstall ba tare da ka saka shi ba.

A saiti kuma, ka riƙa sa package-lock.json cikin Git, a saba ka yi amfani da npm ci maimakon npm install don a saka daidai abin da ke kulle. Ka saba da --ignore-scripts, ko ka koma pnpm wanda tun siga ta 10 ba ya gudanar da waɗannan umarnin sai ka ba da izini. A Python ka yi aiki cikin venv, wato keɓaɓɓen wurin fakej na kowane aiki, ka kulle sigogi, ka sa --require-hashes, sannan --only-binary :all: yana hana pip gudanar da setup.py. Ka sani dai venv yana raba fakej ne kawai, ba ya hana mugun kod karanta fayilolinka.

Abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne jira. Yawancin gurɓatattun sigogin manyan fakej cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki ake kama su, kamar yadda aka gani a na chalk da ua-parser-js, don haka wanda bai sabunta ranar da siga ta fito ba sau da yawa abin yana wucewa bai taɓa shi ba. pnpm yana da saitin minimumReleaseAge da zai ƙi saka sigar da ba ta kai adadin lokacin da ka sa ba. Sai dai in sanarwar gyaran babban rauni ce, wannan ba a jira, a karanta a sabunta.

Na gano na saka gurɓataccen fakej, me zan yi yanzu-yanzu?

Cire kwamfutar daga intanet. Daga wata na'urar daban mai tsabta, ba ita ba, ka canza duk abin da ke cikinta: kalmar sirrin imel da farko tunda da ita ake dawo da sauran, sannan GitHub, token na npm, makullan SSH, na saba, na rumbun bayanai, na karɓar kuɗi. Ka fitar da duk na'urorin da ke shige cikin akawun ɗinka saboda kukis ɗin da aka sace suna aiki ko ka canza kalmar sirri a wasu wuraren. Duba GitHub ko an buɗe sabon wurin ajiya ko an ƙara makulli da ba kai ka sa ba. Ita kwamfutar kuma gara a kwashe takardu a sake mata tsarin aiki daga tushe, goge node_modules kaɗai ba ya isa.

Sai abu mai nauyi, gaya wa mai aikin. Na san da kunya, amma makullin kuɗinsa ne, kuma shi kaɗai ne wani lokaci zai iya zuwa wajen kamfanin waya a soke tsohon a ba da sabo. Ka kira shi ranar, ka ce ranka ya daɗe ga abin da ya faru ga abin da na riga na yi ga abin da ya rage. Sannan ka kai rahoton fakej ɗin, npm da PyPI duka suna da maɓallin kai ƙarar mugun kod a shafin kowane fakej. In an taɓa kuɗi ko bayanan mutane, a Kamaru hukumar ANTIC ce ke da sashen karɓar irin wannan rahoton kuma dokar 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet ita ke hukunta laifin, a Chadi kuma ANSICE ce, wadda aka kafa a 2015. Kafin ka goge kwamfutar ka adana sunan fakej ɗin da sigarsa da lokacin da ka saka, za a tambaye ka.

Ina so in loda nawa fakej ɗin, ta yaya zan kiyaye kada a cutar da mutane da sunana?

Madalla, muna bukatar namu a can, ko na lambobin wayar Kamaru da Chadi ne ko na rubutun Hausa da Fulfulde. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar farko, PyPI ma ta wajabta wa kowa tun farkon 2024. In za ka iya, yi amfani da makullin tsaro na hannu ko passkey maimakon lambobi shida na manhaja, saboda shafin bogi na iya karɓar lambobin ya yi amfani da su nan take, yadda aka yi wa mai chalk, amma passkey ba ya aiki sai a ainihin adireshin. Duk imel ɗin da ya ce akawun ɗinka zai rufe in ba ka danna nan ba, rufe shi ka rubuta npmjs.com ko pypi.org da hannunka.

Kada ka bar token mai dogon rai a kwamfutarka, shi ne abincin Shai-Hulud. PyPI tun 2023, npm kuma tun 2025, suna da tsarin da GitHub Actions zai loda maka fakej da izini na ɗan lokaci ba tare da ka ajiye token ko'ina ba. In imel ɗin akawun ɗinka yana kan adireshin intanet naka na kanka, ka sa ranar sabunta shi a kalanda saboda abin da ya samu ctx. In kuma wata rana ka gaji da kula da fakej ɗin, wani da ba ka sani ba ya ce ka ba shi, ka bar shi ya riƙa turo gyara kana dubawa kana haɗawa da kanka, ko ka rubuta a shafin cewa an daina kula da shi, shi ya buɗe nasa da wani suna daban.